Ranar da Zariya Ta Tsinke a Sabon Gari

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar auren Hannatu, ƙanwar matata, ba. Har yau idan na ga turmi a kife, sai in ji hannuna ya tafi ƙuguna da kansa.

Ni gajere ne (matata Rifkatu takan ce ba gajarta ba ce, ƙasa ce ke sona), ina aikin ofis a Samaru. Surukata, wadda dukanmu muke kira Mama, tsohuwar malamar firamare ce a Jushi. A lokacin surukanta maza biyu ne, ni da Yohanna, mijin babbar 'yarta, mazaunin Abuja. Yohanna dogo ne, ga murya, ga mota baƙa sumul. Duk wani biki ko babban taron coci shi ke zuwa ya ɗauki Mama, ni kuma a haɗa ni da kulolin abinci da kujerun roba. Ba wanda ya taɓa raina ni da baki, amma abin yana cin raina. Burina ɗaya ne, ko sau ɗaya jama'a su ga Mama ta sauko daga motata.

Ana saura 'yan makonni bikin, Allah ya hore mini wata ƙatuwar jif ta hannu. Mai hankali godiya zai yi, ya wanke abarsa ya hau. Ni kuwa sai na shiga kallon bidiyo a waya, ina ganin yadda ake ɗaga irin waɗannan motoci a sa musu manyan tayoyi suna hawa duwatsu. Na ce wa Rifkatu saboda ramukan damina zan ɗaga tawa.

"Baban Ladi, dutsen ina za ka hau? Kufena?" in ji ta. "Daga nan zuwa gidan Mama fa kusan duk kwalta ce."

Na ce mata mata ba su san mota ba. (Ta ajiye mini wannan maganar, har gobe tana ciro ta idan ta ga dama.)

Na nufi shagon Oga Emeka, mai sayar da taya da kayan mota a Sabon Gari. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya jera mini taya iri uku: ta kwalta, ta kwalta da turɓaya, sai ta laka mai manyan haƙora. Ban tambayi wadda ta fi ƙarko ba, ban tambayi wadda ta fi shan mai ba. Cewa na yi, "Wacce ta fi kwarjini?"

"Ciyaman, ka san kaya!" Ya daki mai haƙoran da tafin hannu. "Wannan in ka shigo layi, akuya ma sai ta miƙe ta gaishe ka."

Na zaɓi rim baƙaƙe, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, don na ga su ake yayi. Da muka zo kan ɗagawar, ya ce za a canza sifirin da shokozoba, ya tambaye ni inci nawa nake so a ƙara. Ni da inci rabonmu tun aji shida, amma ba zan faɗa ba. Sai na ware hannuwana kamar masunci mai ba da labarin kifin da ya kuɓuce masa. Ya ce, "No wahala." Matakalar gefe kuwa, wadda ake takawa a shiga, ni da bakina na ce a cire ta, wai tana rage wa motar tsayi a ido.

Da na je ɗauko ta, sai da na kama sitiyari na yi tsalle kafin na samu kujera. A hanya tayoyin suna ta gurnani, ko rediyo ba na ji. Amma da na tsaya a Kwangila na ga ina kallon saman kan 'yan acaɓa, wallahi daɗi ya cika ni.

Ranar biki tela ya kawo mini ankon da safe, riga 'yar gajera irin ta zamani wadda ko gwiwa ba ta kai ba, wandon kuma babu zariya. Ban tsaya neman sabuwa ba, na zare wata tsohuwa daga wandon da nake wankin mota da shi na zura, na ɗaure tamau.

Na riga Yohanna isa Jushi. Mama ta fito cikin anko, an kafa ɗauri, ta tsaya ta dubi motar daga ƙasa har sama.

"Baban Ladi, wannan mota ce ko bene?"

Ta ɗaga ƙafa, zani ya ce bai yarda ba, gwiwa ma ta goyi bayan zani. Daidai nan Yohanna ya iso yana kaɗa makulli. "Mama, ga tawa nan a ƙasa, ba sai kin wahala ba." Na waiwaya, na ga kulolin abinci suna jirana a bakin ƙofa.

"Ya riga ka zuwa," in ji Mama. "A ɗauko mini turmina."

Aka mirgino turmin, wani tsoho na gado mai nauyin tsiya, aka kife shi. Ta taka ta shiga, aka ɗora shi a but don saukowa. Na ja mota ina jin kaina kamar direban gwamna.

Harabar cocin a Sabon Gari ta cika maƙil. Matan zumunta sun jeru a bakin ƙofa suna waƙar tarbar uwar amarya, mai ɗaukar bidiyo ya saita mu. Wannan ce ranar da na daɗe ina jira. Don kada Yohanna ya riga ni buɗe wa Mama ƙofa, sai na diro daga kujera da ƙarfi. Na ji wani abu ya ce ɓas a ƙuguna, amma tumbi ya riƙe wandon, ban kula ba. Na buɗe but, na rungumi turmi da hannu biyu, na ja numfashi na shafe ciki don in ɗaga shi. Tumbin da ke riƙe da amana ya janye.

Ina zagayowa gefen Mama, na ji iska tana shafa mini cinya. Wando ya sulale har idon sawu. In saki turmi, yatsun ƙafata sun tafi. In riƙe turmi, mutunci ya tafi. Na tsaya cak, rungume da turmi, cikin gajeren wandon ƙwallo kore shar.

Waƙa ta mutu. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Jama'a, zariya ta tsinke!"

Wani dattijon coci da kunnensa ya yi nauyi ya miƙe a firgice. "Zariya? Wace unguwa? An rasa rai?"

Nan fa aka fashe. Na so ƙasar da Rifkatu ke cewa tana sona ta tsage ta karɓe ni. Kuma duk cikin mutanen duniya, a gaban surukata, wadda ko hula ban taɓa cirewa a gabanta ba.

Mama, daga can saman benenta, ko murmushi ba ta yi ba. Ta fito da muryar aji ta ce, "Zumunta! Me kuke kallo? Ku zagaye mini ɗana da waƙa!" Nan take matan suka kewaye ni, suka juya mini baya, suka baza gyale, suka ɗaga murya har da rausaya. Waɗanda ke nesa sun ɗauka wata sabuwar al'ada ce. Mama ta kwance ribin ɗin ado da aka ɗaura a hannun ƙofa, ruwan hoda, ta miƙo mini.

"Ajiye turmin, ka ɗaure mana garinmu."

Na ɗaure. Ta dafa kafaɗata ta taka turmi ta sauko, tana ta danne dariya. Haka na zauna a layin gaba har aka gama ɗaurin aure, ribin a ƙugu, idona a ƙasa.

Da aka tashi daga liyafa na laɓe bayan mota ina jiran a ɗora mini kuloli in gudu. Sai na ji Yohanna yana cewa, "Mama, zo mu tafi, kin huta da hawa bene."

"A'a," ta ce. "Wanda ya riƙe turmina ya saki wandonsa, shi zai mai da ni gida."

Kunyar ba ta tafi ba, amma ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba. Washegari na koma wurin Oga Emeka aka mayar da matakala. Abin da na koya kuwa, kafin ka ɗaga motarka ka fara auna ƙafar surukarka, kuma in za ka yi tsalle a gaban jama'a, sayi sabuwar zariya.