Takardar da Ba Ta Fito Daga Aljihu Ba

Ko daga barci aka tashe ni, ba na jin zan manta da ranar da ƙungiyarmu ta masu ɗab'i ta aike ni majalisar jiha. (Abin da aka aike ni daban, abin da na yo daban.)

Shugabanmu a lokacin Mista Nwosu ne, dattijo haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Duk shekarar da za a kai koke majalisa, sai mu taru a bayan shagonsa a jera gwangwanayen madara, kowanne da buƙata ɗaya a rubuce a jikinsa: wuta, haraji, tsadar takarda, da sauransu. Kowa a ba shi murfin lemo uku ya jefa inda ya fi masa ciwo. Gwangwani uku da suka fi cika su ake kaiwa, sauran su jira baɗi. A yi ta musu kamar za a doku, sannan a zauna a sha lemon. Wallahi ina kewar bayan shagon nan.

A shekarar, buƙatar da ta zo ta ɗaya ita ce a saka a wata doka da ake dubawa cewa masu ɗab'in cikin jiha za a riƙa ba aikin buga littattafan makarantu. Mista Nwosu ya tsufa yana bin maganar nan, kuma ƙarshen shekara zai koma garinsu. Ni ya zaɓa in yi jawabi.

"Kai ɗan malamai ne, ka iya zance," in ji shi. "Minti goma za a ba mu. Fara da ta ɗaya, ko ita kaɗai ka samu ka faɗa."

Sati uku ina haddar jawabi, har matata ta riga ni iyawa. Ranar na zuba babbar riga, na ninke takardar koke na sa a aljihu.

Shugaban kwamitin da ke duba dokar ya karɓe mu, ni da Mista Nwosu, a ofishinsa. Ina faɗin sunana, na ce daga Fagge, sai ya cire tabarau ya ƙura mini ido.

"Kai ba ɗan Malam Sani ba ne? A zaurenku na yi karatu. Yana nan kuwa?"

Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifina, kuma an daɗe da daina yi mini zancensa. Sai kawai bakina ya ɓalle. Na ba shi labarin jinya. Ya tuna mini dabinon da Malam ke ajiyewa a aljihu, ni kuma na tuna masa tsohon keken Malam marar birki da gyaran muryarsa kafin ya shiga gida. Muka yi dariya, na yi hawaye. Mista Nwosu ya taka mini ƙafa. (Na ɗauka wuri ne ya yi masa kaɗan, sai na matsa masa.) Ya sake takawa, na ƙara matsawa.

Ina tsakiyar labarin keken aka leƙo aka ce za a shiga zama. Mutumin ya miƙe, ya yi wa Malam addu'a, ya ce mu gaida gida. Sai da ƙofa ta rufe na ji ƙarar takarda a aljihuna.

A mota, sai da muka hau Titin Ibrahim Taiwo Mista Nwosu ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Amma ni dai ban ga gwangwaninsa a bayan shagona ba."

Mun bar takardar wajen sakataren kwamitin washegari, amma doka ta wuce babu maganarmu. Mista Nwosu ya sayar da injinansa ya tafi, bai taɓa yi mini gori ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Darasin da na koya shi ne, kada ƙungiya ta aiki marayan da bai gama kukansa ba, ko da ya yi furfura. Don tsakani da Allah, ko yau aka dawo mini da minti goman nan, ban tabbata zan ciro takardar ba.