Yadda Za Ka Kashe Sabon Filin Ƙwallo Kana Tafa Masa

Kai kansila, matso kusa. Abokin hamayyarka ne ke kan kujerar shugaban majalisar gari, ya kuma kawo ƙudurin a ware kuɗin jama'a a gina filin ƙwallo? Da ka rufe ido sai ka hango shi da almakashi a hannu, masu hoto na turereniya, sunansa ɓaro-ɓaro a saman ƙofa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ko bulo ɗaya ba za a ɗora ba, kuma ba mai cewa ka ƙi. Daga gwani na kwaso su, wani kansila da ake wa laƙabi da Amma-Fa.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar garinsu ta hau babban rukuni, abin da ba a taɓa gani ba. Hukumar gasar ta ce ba za a yi wasan manya a filin da awaki ke ratsawa ana tsaka da wasa ba: ko a fara gini kafin sabuwar kakar wasa, ko ƙungiyar ta nemi wani garin. Kocin ƙungiyar kuwa ƙanin matar Amma-Fa ne.

1. Ka fi kowa so

Kada ka kuskura ka ce a'a, mai cewa a'a shi ake jifa. Ranar da aka karanta ƙudurin, Amma-Fa ya riga kowa miƙewa, sanye da rigar ƙungiyar a kan ta aiki, yana gumi a ƙarƙashin fankar da ta daɗe da yin ritaya.

"Mai girma Shugaba, na goyi baya ɗari bisa ɗari! Ƙungiyar nan jinina ce!"

Kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba. Tun yana yaro yake binta, har suma ya taɓa yi a bugun fenariti. Ya jira tafi ya lafa, ya gyara tabarau, ya ce, "Amma fa..."

Ka koyi faɗinta da tausayi, kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya.

2. Nemo matsalar da ba mai iya musantawa

Kada ka ce asibiti ya fi muhimmanci. Wani uban iyayi zai iya cewa to a gyara asibitin ma, ka ga ka jawo wa kanka aiki. Amma-Fa hoton filin ya ɗaga sama.

"Jama'a, wane launi ne ciyawar nan?"

Aka ce kore.

"Tutar jam'iyyar Shugaba fa?"

Ita ma kore ce.

"Wato da kuɗin talakawa za a shimfiɗa wa jam'iyya ɗaya talla mai faɗin gona, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma?"

Shugaba ya dafe kai. "Haba Kansila, ciyawa fa! Haka Allah ya halicce ta!"

"Ban ja da Allah ba, ranka ya daɗe. Da kai nake ja."

3. Haifi kwamiti, ka bar shi ya haihu

Aka kafa kwamitin launin ciyawa. Shi kuma ya haifi ƙaramin kwamitin binciken ko ana samun ciyawa ruwan toka, tunda ba jam'iyyar da ke da wannan launin. Aka kira injiniya, bawan Allah ya zo da zanensa a naɗe a hammata, aka tambaye shi ko ciyawa na shan fenti. Ya ce za ta mutu. Aka rubuta cewa injiniya na yi wa ciyawa mugun fata, a sake nazari.

Abin lura ga mai hankali: kwamitin kirki ba ya ƙin zama. Zama yake yi, ya sha lemo, ya tsayar da ranar wani zaman.

4. Tsare gida

A nan ne yawancin 'yan koyo ke faɗuwa. Wata ranar hutu Koci ya zo har falo, usur a wuya, ya ƙi taɓa shayin da yayarsa ta kawo.

"Yaya, don girman Allah. Yaran nan da tsakuwa a gwiwa suka kai mu inda muke. In kaka ta kama ba gini, mun tashi."

Amma-Fa ya ji abin har cikin ransa, don mai tsaron ragar ƙungiyar ma shi ya saya masa safar hannu. Sai dai ya tuno almakashi a hannun Shugaba, zuciya ta koma mazauninta.

"Ƙanina, ai don ku nake wannan faɗan. So nake a yi muku fili mai tsabta, wanda ba siyasa a cikinsa. Zaɓe ya kusa. In na hau, har da fitilu."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban yara, hukumar za ta jira zaɓenka ne?"

Idan aka yi maka irin wannan tambayar, ka kara waya a kunne ka fita kana cewa "Ina jinka." Ko a kashe take ba laifi.

5. Ranar ƙuri'a, cikinka ya ɓaci

Shugaba ya gaji, ya ce a kaɗa ƙuri'a, kore ko ba kore ba. To ka sani, ba a ƙuri'a sai adadin kansiloli ya cika a zaure. Magatakarda na buɗe baki, Amma-Fa ya riƙe ciki ya nufi ƙofa. Mutanensa suka bi shi a jere, kowa da irin nishinsa. Ban-ɗaki ɗaya ne a ginin, suka cusu a ciki kamar kaya a buhu, wani a kan wani, suna leƙe ta taga har motar Shugaba ta fita. Da 'yan jarida suka tare shi, ya ce abin takaici ne a sa ƙuri'a mai muhimmanci haka a ranar da rabin majalisa ba lafiya, kuma yana zargin lemon.

6. Ci ribar aikinka

Kaka ta kama. Garin maƙwabta, waɗanda suke gaba da su a ƙwallo tun kakanni, suna da fili ba su da ƙungiyar kirki. Suka buɗe ƙofa, Koci ya kwashi yaransa ya tafi, aka sauya musu riga da suna.

Ranar wasan farko Amma-Fa ya ce wa matarsa zai duba mai a mota. Ya zauna a ciki a ƙofar gida, ya ɗage gilasai, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ana dab da tashi yaran suka zura ƙwallo. Ya yi tsalle har kansa ya bugi rufi, ya danna hon yana ihu, "Mun ci! Mun ci!"

Maƙwabcinsa mai gyaran takalma ya ɗago kai, ya jira ya sauke gilashi.

"Kansila, su wa suka ci?"

Ya buɗe baki, sai mai sharhi ya riga shi, ya ja sunan garin maƙwabta da ƙarfi, filin can na amsawa. Amma-Fa ya mayar da gilashin a hankali.

Gargaɗi

Na yi alkawarin ba za a ɗora bulo ba, kuma ba a ɗora ba. Ban ce surukinka zai ci gaba da ɗaga wayarka ba, ban ce matarka za ta daina ajiye maka abinci ba tare da ta kalle ka ba. Idan kuma ran wasa ya zo ka rasa wanda za ka yi wa ihu, kada ka neme ni. Ni shawara kawai na bayar, kai ne ka riƙe ciki.