Kocin Matan Hula

Ko da tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kawo wa ƙungiyarmu koci ba.

A shekarun da tashin hankali ya koro mu daga Khaddamari muka raɓe a unguwar Dala a Maiduguri, mu mata goma sha ɗaya muna ɗinkin hula. Ni ce babbarsu (shekaru suka ba ni shugabancin, ban yi boko ba ko na yini ɗaya). Wata ƙungiyar agaji ta ce za ta ba mu keken ɗinki uku, da sharaɗin mu nemo koci ƙwararre da zai riƙa ɗora mu a hanya. Jami'arsu, wata yarinya Falmata, ta ce, "Kaka, ki tambaye shi abu uku: yana da takarda? Ya koyar da mutane? Sun yi nasara?"

Na ce a raina, wannan ai mai sauƙi ne. Kullum ina jin maƙwabta suna yabon wani Koci Modu a Jiddari Polo. Na yafa mayafin Sallah na hau keke napep.

Na same shi bakin fili da usur a wuya (na ce lallai babban ma'aikaci ne). Na ce, "Ɗana, kana da takarda?" Ya ce har biyu. Ya koyar da mutane? Shekara tara. Nasara fa? Ya ce, "Kaka, kofi uku muka ci." Na ce to, wanda ya iya kasuwar kofi ai hula ba za ta gagare shi ba.

"Ku nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

Ya ce, "Cif-cif kenan."

Ranar taro na shiga gaba yana biye, ina tafiya kamar matar gwamna. Mata na ta shafa kafaɗata. Ga kekunan a jere cikin leda, ga babban jami'i a kujera, ga ɗan sanda a bakin ƙofa.

Jami'in ya ce, "Malam, me za ka fara koya wa iyayenmu?"

Modu ya gyara tsayuwa. "Tsaron gida tukuna. In sun ƙware, sai kai hari."

Jama'a, a Maiduguri ta wancan lokacin. Ɗan sandan ya miƙe. Ya Hajja, aminiyata, ta fara laluben takalminta. Ni kuwa, don in gyara, na ce, "Kada ku damu, yana da takarda." Na karɓi takardar a wurin Modu, na miƙa wa Falmata da hannu biyu.

Falmata ta duba, ta sake dubawa, kafaɗunta suka soma rawa. Da ƙyar ta ce, "Kaka, kocin ƙwallo ne."

Ɗakin ya fashe. Har ɗan sandan sai da ya dafa bango. Modu ya juyo yana cewa, "Dama ina ta tunanin wa zan sa a raga." Ya Hajja ta ce, "Wadda ta kawo ka mana."

Allah ya taimake ni, jami'in mai dariya ne. Ya ƙara mana mako guda, muka samo wata Hajiya da ta daɗe tana kai hula Kano, kekuna suka zama namu.

Yau ko mai gyaran keke zan kira, sai na tambaya, "Wane irin keke?" Amma a Dala, har jikokina, Mai Tsaron Gida suke ce min.