Yadda Za Ki Hana Surukarki Tauna Wa ’Yarki Nama

"Sakinatu, miƙo min yarinyar nan in sa mata nama."

"Ba zan miƙo ba, Hajiya."

Haka na ce wa uwar mijina, Hajiya Mairo, ran babbar Sallar bara, tana riƙe da tsokar da ta gama taunawa don ’yata Muhsina, mai wata takwas. Idan ke ma kina so ki tsare cikin ’yarki daga yawun kakarta, bi matakan nan. Sakamako tabbas ne. Ni na gwada, har yau taunannen abu bai shiga bakin ’yata ba.

Mataki na 1: Ki yi karatu

Kada ki shiga rigimar nan da takardar sakandare kawai. Ni sai da na yi shekara biyu a makarantar aikin lafiya kafin na san cewa olsar da rabin Suleja ke kuka da ita ba laifin yaji ba ne kaɗai, ba kuma tunanin miji ba. Wata ƙwayar cuta ce ke zama a ciki. Malaminmu ya ce a ƙasashe irin tamu, cikin mutum goma, bakwai ko takwas na yawo da ita, yawanci tun suna goye, kuma ana zargin yawun manya. Hajiya kuwa shekara ashirin tana jiƙa kanwa tana sha, gyatsarta har zaure ake ji.

Mataki na 2: Ki yi bayani a gaban jama’a

Ilimin da aka faɗa a ɗaki asara ne. Ki bari tsakar gida ta cika da masu yawon Sallah, sannan ki gyara murya. Abu ɗaya kawai: kada ki manta da kalmar "cuta". Ni na manta.

Na ce, "Hajiya, ai akwai ƙwaya a bakinki."

Ta saki naman. "Ƙwaya? Ni? Innalillahi! Makka sau biyu, yau ni ce ’yar ƙwaya a bakin ’yar boko?"

Mataki na 3: Kada ki je gyara

Kafin la’asar Mama Bose, mai kalanzir a ƙofar gidanmu, ta tare ni. "Amariya, wai gaskiya ne Hajiya yana sha kwaya? Shi ya sa kullum ido ja! Ni na ce apollo ne." Washegari a kasuwa an riga an san direban tirelar da ke kawo mata daga Diko.

Na tashi in wanke Hajiya. Na ce ai ba ita kaɗai ba ce, kusan duk unguwa na da ƙwayar, har liman ba zan rantse masa ba. Mai hankali a nan take yin shiru. Ni sai da na ƙara da matansa.

Mataki na 4: Ki saurari maigida

Zai ce miki, kamar yadda Bamalli ya ce min, "Ni ma da taunannen naman nan na girma. Me ya same ni?" Yana faɗa yana dafe da ciki, kwalbar farin maganin olsa na leƙowa daga aljihunsa. Kada ki yi dariya. Ki dai tsura wa kwalbar ido har ya mayar da ita ciki.

Ya ce, "Je ki ba Hajiya haƙuri, ki bari ta sa wa yarinyar ko loma ɗaya, magana ta mutu."

Haƙuri na bayar, a durƙushe, a gaban ƙannenta. Loma ce ban yarda ba.

Mataki na 5: Ki sayi majanyi mai ƙarfi

Hajiya ta ce, "Tunda bakina guba ne, hannuna ma guba ne. Riƙe abarki." Da, ita ke rainon yarinyar in na tafi aiki a wani ƙaramin asibiti a Wuse. Yanzu ni ke goya ta, in yi kokawar bas ɗin Abuja, in sauke ta a kwali kusa da teburina. Ran da babu mai, a ƙafa muke kaiwa Madalla. Likitan wurin aikinmu ya ji labarin, ya yi dariya, ya ce, "Ai har a ruwa ana ɗaukar ƙwayar. Ruwan rijiyarku fa, shi ma kin yi masa magana?" Ki share shi. Rijiya ba ta da haƙora.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta kwaso abin da ta kwaso, kada ta nemi ƙofata. Ban aike ki ba, ban san surukarki ba.

Nawa dai ga shi. Wata goma sha ɗaya ke nan ina gaida Hajiya tana amsawa da hanci. An daina aiko min goron suna a unguwa. Makon jiya Muhsina ta taka har ƙofar ɗakin kakarta ta ɗaga hannu, Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta tura hannuwanta cikin mayafi. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Amma ’yata tana girma a gida ɗaya da kakar da ba ta taɓa ta, kuma ni na jawo.