Cikin da aka yi mini a Aujara

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana a Aujara ba, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Lokacin na yi shekaru da cire mahaifa, kuma daga ni sai maigida muka sani. Likita ya ɗora ni a kan ƙwayar isturojin, ya ce za ta kare mini ƙashi, ta hana zufar nan mai taso wa mace kamar an hura mata wuta. Ta hana kuwa, sai dai ba a banza ba: na yi ƙiba, ƙirji ya cika, ƙafa na kumbura, wani lokacin ga tashin zuciya.

Ranar kamu ina tuƙin tuwo ƙamshin man shanu ya buge ni, na zaga na yi amai. Ina dawowa na tarar Gwaggo Hansai, yayar surukata, tana kallon ƙafata tana murmushi.

"Ke 'yar nan, wata nawa?"

Na sunkuyar da kai. (A wajenmu, sunkuyar da kai ga wannan tambaya ai amsa ce.) Sai guɗa! Aka ƙwace muciya daga hannuna, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka kawo kunun tsamiya. Ni da nake wuni ni kaɗai a gidanmu na Yalwawa, ba kukan yaro ba mai leƙo ni, yau kowa sai sannu yake mini. Wallahi daɗi na ji. Har dafa ƙugu na riƙa yi in zan tashi.

Washegari Gwaggo ta kama ni zan haɗiyi ƙwayata, ta fizge ta ƙulle a bakin zani.

"Ba za ki zubar mana da jika da maganin asibiti ba!"

Da ma likita ya gargaɗe ni kada in yanke ta farat ɗaya, ga biki da saura. Na roƙa a ɓoye, ta ƙi. Ƙarshe, a tsakar gida, gaban surukata da matan dangi, na ce, "Gwaggo, babu ciki. Mahaifar ma babu."

Wata ta ajiye ludayi a hankali. Gwaggo ta kwance bakin zani, ta danƙa mini ƙwayata ba ta kalle ni ba.

"Kunun dai ki shanye, an riga an dama."

Na shanye, hawaye na ɗiga a ciki. Tun ranar na gane kayan aro ba ya rufe katara, balle cikin aro. Har yau ina shan ƙwayata ni kaɗai, amma kunun tsamiya ban sake sha ba.