Sufeto Ga-ni-nan-tafe Ya Zaɓi Unguwa

Idan ana maganar mutanen da Allah ya yi wa baiwar ido, to a tashi tsaye a gyara riga, domin za a ambaci Babban Sufeto. Tun gashin kansa yana baƙi wuluk yake binciken ɗakunan ajiyar kaya na hukumar da yake wa aiki, har furfura ta cinye kan, kuma ko tsinken allura bai taɓa samun ya ɓata ba. Duk ɗakin ajiyar da ya shiga a cike yake tarar da shi, an share, an goge, ma'aikata sun jeru suna washe baki. Mahassada dai suna cewa sirrin abin shi ne bai taɓa zuwa bincike ba sai ya buga waya ya faɗi rana, shi ya sa masu ajiya ke samun sararin aro buhuna a maƙwabta su cike gurbi. Amma kun san halin mahassada.

"Babban mutum ba ya faɗo wa jama'a kamar ɓarawo," haka yake cewa, yana shafa tumbi. "Babban mutum sanarwa yake yi, a shirya, sannan ya bayyana."

Wannan ya sa ma'aikatan ofis suka raɗa masa Ga-ni-nan-tafe. Da sunan ya iso kunnensa sai ya ɗauka lambar girma ce, har amsawa yake yi.

Ana nan sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani birni da bai taɓa kwana a cikinsa ba. A faɗarsa, mutanen can ne suka yi ta kuka suna roƙo a aiko musu shi. Matarsa kuwa Maman Auta ake ce mata. Ita tela ce, kuma kekenta na ɗinki shi ke ciyar da gidan, tun da albashin Sufeto a guga da turare da man gashin baki yake ƙarewa. Abu biyu kawai ta roƙa: unguwar da za ta bar kekenta ta je kasuwa ba tare da gabanta yana faɗuwa ba, da hayar da ba za ta shaƙe su ba.

"Baban Auta," ta ce, "Yaya fa yana can garin, direban mota ne, babu lungun da bai sani ba. Ya ce akwai gida a layinsu, bayan tasha. Ko kuma mu je shiru, mu tambayi mai shago, mu tambayi mata masu ɗibar ruwa, su za su gaya mana gaskiya."

Sufeto ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ni? In je shiru? In tsaya a bakin famfo ina tambayar mata? Haba Maman Auta! Kin san ko wa kike aure kuwa? Kallo ɗaya nake wa unguwa in karance ta daga farko har ƙarshe. Layin yayan naki kuma na ga hotonsa, kowace taga da ƙarfe. Unguwar da ke sa ƙarfe a taga unguwar matsorata ce, ni kuwa ba na zama cikin matsorata."

Ya ɗauki waya ya kira wani dillalin gidaje da aka ba shi lambarsa. Ya gabatar da kansa da duk muƙamansa, har da wanda yake sa ran samu. Ya ce yana neman unguwa ta manyan mutane amma mai hayar talakawa, kuma ranar Laraba da hantsi zai zo rangadi, a sanar da jama'a su shirya.

Dillali ya ajiye waya ya yi rawa a tsakar shagonsa. Yana da wani gida da ya gagari haya, duk wanda ya shiga da mota cike da kaya da ƙullin tsumma yake fita. Ya ruga wurin Dogo, shugaban mazan da ke zama a bakin layin. Dogo mutum ne da ba a san shi da sana'a ba, amma kullum agogon hannunsa sabo ne. Da ya ji bayani ya ce ai baƙo irin wannan dole a karrama shi. Aka share layi, aka yayyafa ruwa, aka shafa farar ƙasa a bango, duk wanda fuskarsa ke da tabon sara aka ce ya zauna a ɗaki sai an neme shi.

Ranar Laraba Sufeto ya sauko daga motar haya, hannuwa a baya, ƙirji a gaba, Maman Auta tana biye. Maza suka jeru gefe da gefe suna "Barka da zuwa, ranka ya daɗe!" Nan take ya ji kamar ya dawo gida.

Sai idon nan mai baiwa ya fara aiki. Ya ga babu shago ko ɗaya a layin, ya ce ga alamar manyan mutane nan, ba sa son hayaniyar ciniki. Ya ga babu wanda ya yi shanya a waje, ya ce wayewa ke nan. Ya ga babu kare, ya ce ina amfanin kare inda babu ɓarawo. Ya ga turakun fitila a tsaye babu ƙwai ko ɗaya, ya ce mutanen nan sun san tattali. Maman Auta ta ja wata tsohuwa gefe za ta yi mata tambaya, Dogo ya yi tari, tsohuwa ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da suka shiga gidan, Maman Auta ta leƙa baya ta dawo.

"Baban Auta, ƙofar baya fa babu ƙyaure."

"Don iska ne, ranki ya daɗe," in ji dillali. "Manya ba sa son zafi."

"Kin ji ko?" Sufeto ya ce. "Ki riƙa saurare kina ƙaruwa."

Da aka faɗi kuɗin haya ya ji bai kai rabin na ko'ina ba, sai ya gyaɗa kai, ya ce ya san saboda darajarsa ne aka rage. Daga nan ya hau kan dakalin ƙofar gida, ya yi gyaran murya, domin ba a rufe rangadi sai da jawabi.

"Jama'ar wannan unguwa mai albarka! Na duba, na gamsu. Kada ku ɗauka ƙaramin mutum ne zai zauna a cikinku. Ina da talabijin wanda sai mutum biyu ke ɗauka. Ina da firji mai ƙofa biyu. Ina da janareta, ina da kujeru na fata, iyalina tana da keken ɗinki wanda babu irinsa a garin nan. Ranar Asabar da safe motar kaya za ta iso. Ba zan ɗauki maigadi ba, don na ga ku kanku masu gadi ne!"

Tafin da aka yi masa ranar, wallahi, ko a ofis bai taɓa samun irinsa ba. Wani har ƙwalla ya share. Maman Auta kuwa ta ɗora hannu a ka.

Asabar ta zo, mota ta iso. Sufeto ya riga iyali zuwa, ya ce mata da yara sa biyo daga baya, don karɓar kaya aikin shugabanci ne. Dogo da mutanensa suka rantse ba zai ɗaga ko cokali ba. Suka ajiye masa benci a inuwa a ƙofar gida, wani yana masa fifita, shi kuma yana nuni da yatsa. "A hankali da firjin nan! Kai, riƙe talabijin da kyau!" Kaya suna shiga ta ƙofar gaba ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari da ladabi, yana yabawa. Abin da idon mai baiwa bai hango daga kan benci ba shi ne, da irin wannan tsari da ladabi suke fita ta ƙofar iska.

Da Maman Auta ta iso da yara, ta shiga falo ta yi sallama, muryarta ta dawo mata. Ta shiga ɗaki, wayam. Ta shiga kicin, tsintsiya ɗaya ta tarar a jingine, ita ma ba tasu ba ce. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ba firji take wa kuka ba, ba talabijin ba. Keken nan shi ne abincin 'ya'yanta, shi ne kuɗin makarantarsu, ga shi ta zo garin da ba ta san kowa ba sai yayanta. Sufeto ya zagaya ɗakunan hannuwa a baya, ya fito ya ce lallai akwai alamar an samu ɗan kuskure wajen jera kaya.

Kafin la'asar sai ga Dogo da tawaga sun zo jaje, fuska a murtuke. Ya ce wasu baƙin ɓarayi ne daga wata unguwa suka kunyata su. Ya ce abin ya yi musu ciwo har sun zauna sun kafa kwamitin tsaro, kuma duk layin an rasa wanda ya cancanci shugabanci sai mutum ɗaya.

Sufeto ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya manta da firji.

"Na karɓa," ya ce. "Kuma aikina na farko, zan yi bincike gida gida, ɗaki ɗaki, har ƙarƙashin gado. Dogo, ka sanar da kowa, ranar Litinin da hantsi ga ni nan tafe."

"Baban Auta!" Maman Auta ta yi ihu daga ciki. "Gaya musu ranar kake yi?"

"Ki bar wa masu aiki aikinsu," ya ce.

To, sanarwar nan ta jefa layin cikin wani hali. Kaya sun yi yawa, ba a riga an sami mai saye ba, kuma mutumin ya ce har ƙarƙashin gado zai duba. Dogo ya yi tunani, ya yi tunani, sai ya gano gida ɗaya tak a duk unguwar da shugaban kwamiti ba zai bincika ba, wato gidan shi kansa. Suka yi shawara a jira matar ta fita kasuwa, a ajiye kayan a can na ɗan lokaci, in an gama rangadi a kwashe.

Litinin da hantsi Sufeto ya fita, an sha guga, jama'a na biye da shi. Maman Auta ta ɗauki kwando ta nufi kasuwa da yaran. Sai da ta isa bakin kasuwa ta tuna ko tukunyar da za ta dafa abin da za ta sayo ba ta da ita, sai ta juyo gida ranta a ɓace. Tana tura ƙofa ta tsaya cak. Ga firji, ga talabijin, ga janareta, ga kujeru, har da wasu kekuna da fankoki da ba ta taɓa gani ba. A tsakiyar falo kuma ga kekenta a zaune. Ta rungume shi kamar ɗan da ya dawo daga tafiya. Ba ta ɓata lokaci ba, ta jawo kujerun fata ta toshe ƙofar baya, ta kira yayanta.

"Yaya, gidan nan na layinku yana nan? To don Allah ka zo da mota yanzu yanzu, ka taho da abokanka masu ƙarfi."

Shi kuwa shugaban kwamiti yana can yana aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Kowane gida ya shiga an share, an goge, mutane sun jeru suna murmushi. Ya leƙa ƙarƙashin gadaje, ya buɗe randuna, ya sha ruwan sanyi a gida uku, ya yi jawabi a biyu. Ya dawo yana taku ɗai ɗai, Dogo da mutanensa a bayansa, sai suka yi turus. Mota ce a ƙofar gida an ɗaure kaya tsaf, direbobi majiya ƙarfi sun tsaya sun harɗe hannu, Maman Auta tana gidan gaba da yara, kan keken ɗinki a cinyarta. Dogo ya duba sabon agogonsa, ya ce yana da wani uzuri.

Sufeto ya dubi firji, ya dubi talabijin, fuskarsa ta cika da haske.

"Kin gani ko, Maman Auta? Kin ga aikin sanarwa? Suna jin ga ni nan tafe, kaya suka dawo da ƙafarsu! Kuma ina mai tabbatar miki a hukumance, na bincike layin nan kaf, babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsa."

Maman Auta ta leƙo ta taga, ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙasan.

"Baban Auta, ina takalmanka?"

Ya sunkuya ya duba. A ƙofar gidan ƙarshe ya cire su don girmama masu gida, da ya fito kuma daɗin jawabi bai bar shi ya lura ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, yayanta ya danna ham. Gidan gaba ya cika, don haka Babban Sufeto, shugaban kwamitin tsaro, a bayan mota ya hau, aka cusa shi tsakanin firji da janareta, ƙafafunsa suna reto a waje babu takalmi.