Yadda Za Ki Kifar da Sarki a Littafi Ba Tare da Kin Rasa Aminiyarki Ba

Ki bi matakan nan a jere, na yi miki alkawari za ki fito da littafin tarihi mai nauyin bulo, cike da imani, da abota, da yarinya mai neman sanin ko ita wace ce alhali gari na ci da wuta. Babu wadda ta taɓa bin tsarin nan ta kasa. An dai sami waɗanda dangi suka daina gayyata. Misalinmu ita ce wadda 'yan gidansu ke kira 'Yar Boko, don ita ta fara kawo digiri gidan, kuma ba ta bar kowa ya manta ba.

Mataki na 1: Ki zaɓi zamanin da shaidunsa suka mutu

Kada ki kusanci rikicin da wani mai rai ya gani da idonsa. 'Yar Boko ta koma can baya, lokacin da babu agogo babu kwalta, ta gina gari, ta naɗa sarki, ta sa shugaban mayaƙa ya kifar da shi da hantsi. Matattu ba sa aiko da gyara. Matsalarki masu rai ne.

Mataki na 2: Ki yi rubutu inda kowa ke wucewa

Ba ki da ɗakin kanki, don haka teburin guga ne ofishinki, saman firij kuma ma'ajiyar shafuka. A nan Kawu, wanda ya sha tsayawa takara bai taɓa ci ba, ya tsinci babi na biyu.

"Sarkin nan da aka kifar, ni ne ko?"

"Kawu, kai ba a taɓa ɗora ka ba, balle a kifar da kai."

"Shi ya sa nake cewa ki mayar da shi a ƙarshe. A gyara zalunci ko da a takarda ne."

Ki ƙi. 'Yar Boko ta ƙi, Kawu ya daina amsa gaisuwarta, ta sami ƙarin lokacin rubutu kowace safiya.

Mataki na 3: Ki bar imani a hannun masu sa ido

Goggo, malamar islamiyya, ta karanta da jan biro a hannu.

"Daga babi na uku zuwa na biyar, yarinyar nan ba ta yi la'asar ba."

"Goggo, gudu take yi. Mayaƙa na bin ta."

"Su mayaƙan sun yi?"

A nan kaɗai aka yarda ki sassauta. 'Yar Boko ta tsayar da gudun, kowa ya nemi ruwa, aka idar, sannan aka koma daidai inda aka tsaya, tazarar ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Shafin da jarumar ke sujada a ɗakin ajiyar da ta ɓuya ya fi kowane shafi kyau a littafin. Kada ki faɗa wa Goggo.

Mataki na 4: Kada ki yi wa mahaifiyarki bayanin jigo

"Wai me yarinyar nan take nema tun shafin farko?" in ji Mama.

"Kanta take nema."

"To in ta samu, ta zo ta ɗauke min kwamfutar nan, zan yi guga."

Mataki na 5: Ki ari ɗabi'ar maciyar amana a wajen aminiyarki

Kowane littafi irin wannan yana buƙatar ƙawar da za ta tona asiri, kuma masana sun ce a ɗauko ƙananan halaye daga rayuwa. 'Yar Boko tana da aminiya tun bencin firamare, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Nas ba ta shan ruwa sai ta hura shi, ko da daga firij ya fito. A babi na tara, ƙawar jaruma ta ɗauki kofi, ta hura, ta kurɓa, sannan ta nuna wa mayaƙa ƙofar ɗakin ajiya.

'Yar Boko ta aika wa Nas babin, kamar yadda take aika mata kowane babi, tana jiran yabo. Shiru. Ta kira, ba a ɗauka ba. A gida kuwa har mai kawo musu iskar gas ya gane wa ake nufi.

"Tun tana ƙarama nake hana ta hura ruwan nan," in ji Goggo. "Ga inda ya kai ta."

Mataki na 6: Ki jure

Za a taru a kanki a ce ki cire babin ki ba da haƙuri. In kin cire, littafin ya rushe. In kin bar shi, aminiya ta tafi. 'Yar Boko ta ɗaga kai ta ce ba a yi mata digiri don ta nemi izinin rubutu ba. A ɓoye ta gwada sauya ɗabi'ar: ta sa maciyar amanar tari, ta sa ta sosa keya, ta sa ta atishawa. Duk sai matar ta zama katako. Ta mayar da kofin.

Ta jure shirun Kawu, da biron Goggo, da wayar kwamfuta da ake cire mata a tsakiyar jimla don a yi guga. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne gama shafi mai kyau, ta ɗauki waya, ta rasa wa za ta tura wa.

Mataki na 7: Ki bi layin marasa lafiya

Aminiya na iya ƙin ɗaukar waya, amma ma'aikaciyar jinya ba ta da ikon ƙin mai kati. 'Yar Boko ta yanki kati, ta zauna a benci tsakanin wani mai kumburin ƙafa da wata mai tagwaye masu tari bi da bi, har layi ya zo kanta.

"Me ke damunki?" in ji Nas, ba ta ɗago ba.

"Babi na tara."

Nas ta naɗa mata abin awon jini, ta matsa fiye da yadda aka koya mata a makaranta.

"Ba zan cire shi ba," in ji 'Yar Boko.

"Wa ya ce ki cire? Hura ruwan ne kaɗai kika rubuta daidai. Na nuna ƙofar, na ji, mayaƙa ne, kowa na iya yi. Amma daga nan har bangon littafi jarumarki ta hau dutse, ta yi kuka, ta gano kanta, wai har ta yafe min a zuciya. Wa ya roƙe ta? Ko sau ɗaya ba ta tako ta ce, ke, me ya sa ba."

"To me ya sa?"

"Oho, ke ce mai digiri. Wataƙila uwarta na kwance tun kafin a kifar da sarkin, mayaƙan kuma su ke riƙe da ƙofar mai magani. Da jarumarki ta taɓa cewa ya jikin Inna maimakon ya kika ga babin, da ta sani."

'Yar Boko ta dubi hannunta da ke cikin matsi. Inna mahaifiyar Nas ce, ba ta cikin littafi ba. "Inna tana ina?"

"Ɗakin ƙarshe, gadon bakin taga. Kawunki ma ya riga ki zuwa. Yanzu Inna kullum tambayata take ko an mayar da sarkin." Ta kwance abin awon. "Tunda kin yanki kati, ba za ki fita haka ba. Allurar rigakafin nan da kike gudu tun muna makaranta. Juya."

Ki juya. Babu wata dabara a wannan mataki.

Mataki na 8: Ki ƙara babi

'Yar Boko ta rubuta sabon babi a bakin gadon Inna, a tsaye. Jarumar ta sauko daga dutsen, ta ratsa garin da aka ƙona, ta buga ƙofar ƙawarta, ta fara da tambayar mai jiki. Nas ta leƙo a lokacin hutunta, ta hura ruwanta, ta karanta, ta ce gaisuwar ta yi gajarta, a ƙara.

An ƙara. Sarki kuwa yana nan a kife.

Gargaɗi: mai wannan jagora ba ta ɗauki alhakin kawun da ya yi fushi, ko goggon da ta ƙarar da biro, ko rigar da ta ƙone a teburin guga ba. Ba ta san 'Yar Boko ba, ba ta taɓa ganinta ba. In kuma an lura a kwanakin nan tana zama a gefe ɗaya na kujera, kujerar ce ba ta da daɗi.